Ranar da Sandar Zirkoniya Ta Karye

Abin da na fara lura da shi da na sauka a Jamus shi ne Yaya Bilki ba ta tambaye ni mutanen gida ba. Na hango ta tun daga nesa, tana tsaye inda masu tarbar baƙi suke jira, sanye da baƙar riga mai kauri da ɗan ƙaramin mayafi, tana danna waya. Tun a cikin jirgi na shirya gaisuwata. Zan ce Inna tana gaishe ta, Baba yana gaishe ta, Hajiyarta lafiya ƙalau, har garinmu Gwangwan ta zo da kanta ta yi mini sallama. Da na iso gabanta na russuna na ce, "Yaya, ina wuni?"

"Lafiya. Ke ce Naja'atu? Kin girma. Yi sauri, jirgin ƙasan nan ba ya jiran kowa."

Na haɗiye sauran gaisuwar, na ja akwatina ina bin ta a baya. Na ce a raina wataƙila haka ake yi a nan.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin, ina ajin ƙarshe a makarantar 'yanmata a Rogo. Malaminmu na kimiyya ne ya sa ni a wata gasa, na ci, aka ce zan yi wata uku a wata jami'a tare da 'yanmata daga wasu ƙasashen Afirka. Kowace yarinya za a sa ta a ƙarƙashin wani babban malami. Idan wa'adi ya cika, malamin ne zai ce a ba ta gurbin karatun jami'a kyauta ko a hana ta. Wannan gurbin na zo nema. A gidanmu ba wanda ya taɓa wuce sakandare, kuma na san idan na koma hannu Rabbana, gyaɗar da Baba yake nomawa ba za ta kai ni jami'a ba.

Baba bai so tafiyar ba. Ya ce bai ga yadda zai saki 'ya mace ta tafi inda ba ta da kowa ba. Sai aka tuna Bilki 'yar Hajiya Tasalla ta Kwanyawa, can ƙasar Karaye, tana wannan jami'ar, tana digiri na uku. Hajiya Tasalla da Inna ƙawayen biki ne tun kafin a haife ni, duk sunan da aka yi a gidanmu ita ce a bakin murhu. Aka kira Yaya Bilki a waya, Inna ta ce mata, "Ga amana nan na ba ki." Ta ce ta karɓa. Ita ce ma ta nemi a sa ni a ɗakin binciken da take aiki. Da wannan Baba ya yarda.

Masaukin da aka ba mu dogon bene ne, kuma abin da ya fi damuna a cikinsa shi ne shiru. Ba kukan akuya, ba daka, ba kiran salla. Mutane suna wuce juna a matakala kamar an yi faɗa. Rana kuma ta ƙi faɗuwa. Sai in yi la'asar in zauna jiran magariba, in gaji da zama, in leƙa taga in ga yara suna ta wasa a cikin haske. Ban daɗe da zuwa ba wani tsoho a kan keke ya danna mini ƙararrawa, ya zazzaga mini faɗa da yarensu har wuyansa ya yi ja. Ban san jan tubalin da nake takawa hanyar kekuna ba ce. A cikin bas wata mata ta kalli mayafina, ta ɗauke jakarta ta koma wata kujerar. Amma akwai wata mai sayar da burodi a kusa da masauki da ta gan ni ina kokawa da burodinsu mai tauri a bakin shagonta. Ta yi dariya ta yafuto ni, ta nuna mini wani mai laushi da zabibi a ciki. Daga ranar, da ta hango ni sai ta ɗauko shi tun kafin in yi magana. Ban san sunanta ba har na baro ƙasar.

A gida damina ce. Na san an gama shuka, gyaɗa ta fara fitar da furenta rawaya, Inna tana ɗaure awaki kada su shiga gonar mutane. Idan kewa ta ishe ni sai in buɗe kwalbar yajin da ta daka mini in shinshina, in rufe da sauri kada ƙamshin ya ƙare.

Shugabar ɗakin bincikenmu wata doguwar dattijuwa ce mai gajeren farin gashi, a keke take zuwa aiki. Sunanta ya yi mini nauyi a baki, sai nake ce mata Farfesa kawai. Duk sanda ta yi mini magana sai in sunkuyar da kai in amsa a hankali, kamar yadda aka koya mini. Na fi sanin takalmanta da fuskarta, wasu masu ruwan ƙasa da koriyar igiya.

Mai kula da injinan kuwa Malam Yusuf ne, dattijo ɗan asalin Turkiyya mai furfura a gashin baki. Shi ne ya fara yi mini sallama a ƙasar. Ya nuna mini alƙibla a wani lungu bayan kabad, kuma duk hantsi sai ya zuba mini baƙin shayi a ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu. Shi ya fara nuna mini abin da ake aiki a kansa. Ya buɗe wani ɗan akwati, a cikin soso ga wata 'yar sanda garai-garai kamar ƙanƙara, tsawonta bai kai ɗan yatsana ba.

"Wannan ita ce zirkoniya," in ji shi. Ya dubi kunnena. "Duwatsun 'yan kunnenki ma ina jin ita ce."

Na taɓa kunnena na ce a kasuwar Rogo aka saya mini, kuma mai kayan ya rantse daimon ne. Ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya ce kada in ji haushi, dutse ne mai mutunci. Da ita ake yin haƙoran da likitoci suke dasa wa mutane, da wasu fararen wuƙaƙe, har cikin injin jirgin sama ana shafa ta don tana jure wuta.

Aikin Yaya Bilki shi ne auna taurinta, wato yadda take ƙin lanƙwasa idan an danna ta. Ana ɗora sandar a kan ƙafafu biyu na ƙarfe, wani ɗan yatsan inji ya sauko ya danna tsakiyarta. Tana lanƙwasa, amma ido ba ya gani, don lanƙwasar ba ta kai kaurin gashin kai ba. Inji ne yake gani, ya zana layi a allon kwamfuta. Da an ɗage yatsan sai ta koma yadda take, kamar ba a taɓa ta ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sanduna biyu da aka yanko daga dutse ɗaya taurinsu ba ɗaya ba ne. Malam Yusuf ya ɗauko ƙwayar sukari daga gefen shayinsa, irin mai kusurwa-kusurwa ɗin nan. Ya ce ƙwayoyin zarrar da ke cikin dutsen a jere suke, sahu kan sahu, kamar an jera irin wannan sukarin ba iyaka. Idan aka yanko sanda ta bi gefen sukarin, tana da tauri sosai. Idan aka yanko ta ta ratsa ta ciki, daga kusurwar sama zuwa waccan ta ƙasa, taurinta kusan rabin na farko ne. Ina cikin tunani, sai na tuna Inna a kan keken ɗinki. Atamfa idan ka ja ta ta bin zare ba ta miƙewa, idan ka ja ta a karkace sai ta biyo ka. Na kama gefen mayafina na ja shi haka, na sake ja a karkace.

Ya tafa hannu. "Shi ke nan! Je ki nuna wa Farfesa."

Ban je ba. Shi ya gaya mata. Washegari takalman nan suka tsaya a gefen kujerata, ta ce ta ji labarin mayafi, irin wannan idon ake nema a aikin nan, in ci gaba. Ranar daɗi ya hana ni cin abinci.

Daga nan muke kiran sandunan ta gefe da ta karkace. A ido ba ka bambanta su. Sai dai an ɗan goge kusurwa ɗaya a ƙarshen ta gefe, an goge biyu a ƙarshen ta karkace, gugar da sai haske ya bi ta kai za ka gan ta. Dokar wurin kuma ita ce mu 'yan makaranta ba ma taɓa akwatunan, ba ma shiga ɗakin injin sai Malam Yusuf yana nan.

A wurin aiki Turanci Yaya Bilki take yi mini, ko da mu biyu ne. A ƙarshen mako takan kira ni ɗakinta in yi wanke-wanke, in yi shara, in tsefe mata kai in yi mata kitso. Ban ɗauke shi komai ba, abin da ƙanwa take yi wa yayarta ke nan. Wata rana na tuƙa mana tuwo da miyar kuka, na sa daddawar da Inna ta ƙulla mini. Ta ci har ta siɗe hannu. Hausarta ta Karaye ta dawo bakinta, ta yi ta ba ni labarin yadda suke zuwa roron gyaɗa suna yara, mai gona yana biyo su da kara. Can sai ta bar labarin. Ta ce wa'adinta ya kusa cika, aikinta bai kammala ba, kuma Farfesa ta fara gajiya da ita don ta taɓa ɓata wani gwaji a baya.

"Idan ba ta ƙara mini lokaci ba, Naja, haka zan koma Kwanyawa ba takarda bayan duk shekarun nan. Da wane ido zan kalli Hajiya?"

Na ce Allah zai rufa asiri. A ranar na ji ina son ta kamar cikinmu ɗaya.

Wata Asabar ta ce in raka ta wurin aiki, tana so ta rage gwaje-gwaje, ni kuma in riƙa karanto mata abin da ya fito a allo. Na ce ai Malam Yusuf ba ya nan.

"Ni ba mutum ba ce? Taho ni dai."

Ta saita injin don ta karkace. Ita ana barin yatsan ya sauka da ɗan nisa, tunda tana da sauƙin lanƙwasa. Ta gefe ba a kai ta can, don kafin ta lanƙwasa haka nauyin da ke kanta ya ninka. Tana cikin saitin wayarta ta yi ƙara, Hajiya ce daga gida. Ta maƙale wayar da kafaɗa tana "Na'am Hajiya, to Hajiya," ta buɗe akwatunan biyu gaba ɗaya, ta sa hantsaki ta ɗauko sanda. Da ta ɗaga ta, hasken taga ya bi ta kan ƙarshenta. Guga ɗaya na gani.

Ta gefe ce ta ɗauko. Na ce, "Yaya." Ba ta ji ba. Na matsa kusa na ce, "Yaya, anya kuwa wannan ce?" A wurinmu haka ake gaya wa babba ya yi kuskure. Ta ɗaga mini hannu, ta harare ni, ta nuna wayar, wato ban ga da wa take magana ba? Ta ɗora sandar ta danna maɓalli.

Layin da ke allon ya miƙe sama cak, ba irin kwanciyar da ya saba yi ba. Sai muka ji ƙas, ɗan ƙara kamar an taka busasshen ɓawon gyaɗa.

Ta kashe wayar ba sallama. Ta leƙa injin, ta leƙa akwatunan, ta zauna a ƙasa tana salati. Ita ce ta gefe ta ƙarshe da ta rage daga wannan dutsen, kuma duk awon da ta yi a baya da ita za a kammala shi. Kafin a samo wani dutsen a yanka a goge, sai an yi watanni. Ta kama hannuna.

"Ranar Litinin kada ki ce komai. Ni zan yi magana. Kin ji ko?"

Na ce to. Na ɗauka so take ta rufa mini asirin shiga ɗakin ba izini. Har godiya na yi mata a raina.

Ranar Litinin aka taru kamar kullum, Farfesa da ɗalibanta da Malam Yusuf, gutsattsarin sandar a cikin ɗan faranti a tsakiyar tebur. Yaya Bilki ta miƙe ta yi bayani da Turancinta mai santsi. Ta ce laifinta ne da ta shigo da ni, tausayi ne ya sa, ta ga ba ni da kowa. Ta ce ta fita amsa waya, ashe kafin ta dawo na buɗe akwatunan ina kallo, na mayar da kowace sanda a gidan 'yar'uwarta. Ita kuma ta yarda da abin da ke rubuce a jikin akwati. Ta ce a yi mini afuwa, yarinya ce daga ƙauye, ba ta taɓa ganin irin waɗannan abubuwa ba.

Da farko na ɗauka Turancin ne ban fahimta ba. Sai da na ga kowa ya juyo yana kallona.

"Naja," in ji Farfesa, "haka aka yi?"

Idan na ce a'a, na ƙaryata Yaya a gaban baƙi, wadda Inna ta damƙa ni a hannunta. Tunda nake ban taɓa ce wa babba ƙarya yake yi ba, ko a ɗaki mu biyu, balle a taro. Na sunkuyar da kai ina jira Yaya ta ce, a'a, bari in gyara. Na tabbata za ta faɗa. Na ji wani ya ajiye kofi, na ji kujera ta motsa. Ba ta faɗa ba.

"To," in ji Farfesa. "Na gane."

Ta ce daga ranar ba zan ƙara shiga ɗakin injin ba, sauran makonnin a laburare zan yi su.

Da yamma na samu Yaya a tashar bas. Na ce, "Yaya, ai ba haka aka yi ba."

Ta waiga ta ga ba kowa a kusa, sannan ta amsa da Hausa. "Na sani. Ke kina ganin ban sani ba?"

"To me ya sa?"

"Ke wata mai zuwa za ki koma gida. Yarinya ce ke, ba wanda zai riƙe ki da wannan. Ni fa? Idan Farfesa ta ji ni ce, kashina ya bushe."

"Gurbin fa, Yaya?"

"Allah zai ba ki wani." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kuma ki tuna, ba don ni ba da yanzu kina Gwangwan kina ɓarar gyaɗa."

Motar ta zo, ta shiga. Ta zauna a ɗaya gefen inda ba za mu ga juna ta taga ba.

Na yi niyyar in kira Inna in gaya mata, ashe an riga ni. Yaya ta kira Hajiya, Hajiya ta kira Inna. Da wayata ta yi ƙara ina jin ruwa yana dukan kwanon ɗakinmu ta cikinta.

"Naja'atu." Idan Inna ta kira cikakken sunana, to ba lafiya. "Ɓarna muka aike ki ki yi a ƙasar mutane?"

"Inna, wallahi..."

"Kada ki rantse mini. Hajiya ta gaya mini komai. Ta ce ba don Bilki ta tsaya tana ba su haƙuri ba, da tuni sun ɗoro ki a jirgi. Yarinyar nan ta rufa mana asiri. Babanki bai sani ba, kuma ba na so ya sani."

"Inna, ki bari in yi miki bayani."

"Bayanin me? Bilki za ta yi miki ƙarya ne? Tun tana goye na san ta. Yau ɗin nan ki je ki durƙusa ki ba ta haƙuri, ki yi mata godiya. Kin ji ni?"

"Na ji."

"Allah ya shirye ki." Ruwan yana ta zuba. "Kina cin abinci kuwa?"

Wannan tambayar ce ta sa ni kuka. Na toshe baki na ce ina ci.

Na je. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe da ludayi a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofar na ce, "Inna ta ce in ba ki haƙuri, in yi miki godiya." Na zaɓi kalmomin da kyau don kada in yi ƙarya. Ta kalli bango, ta kalli ludayin. Har a lokacin ban cire rai ba, ina jira ta ce bari ta kira Inna ta gaya mata gaskiya, ko da ita kaɗai ce za ta sani.

"Tashi, tashi," ta ce. "Ya wuce. Na yafe miki."

Har taliya ta zuba mini a roba in tafi da ita. Na riƙo ta da zafinta har masauki, na ba wata 'yar Ghana da ke ɗakin kusa da nawa.

A laburare na zauna a kujera ɗaya kullum, kusa da taga. Na karanta duk abin da na iya karantawa a kan zirkoniya, ban san don me ba. Ɗaliban Farfesa idan muka haɗu a hanya sai su yi ɗan murmushi su ƙara sauri. Wata rana da azahar Malam Yusuf ya zo ya same ni, da shayi a filas da kofin nan nawa a naɗe cikin hankici. Muka zauna a benci a waje.

"Ba na wurin," ya ce, "ba zan yi shaidar abin da ban gani ba. Amma na ga yadda kike leƙa kusurwar kowace sanda tun kafin ni in duba. Gaya mini abu ɗaya. Da Farfesa ta tambaye ki, me ya sa ba ki dube ta ba?"

Na ce, "Ai babba ce."

"Wa? Farfesa ko Bilki?"

"Dukansu."

Ya daɗe yana juya cokali. Ya ce shi ma da ya zo ƙasar yana saurayi haka yake tsayawa a gaban shugabansa, hannu a haɗe, ido a ƙasa, ya shekara ana yi masa kallon mai ɓoye wani abu bai sani ba.

"'Yata, a garinku da garinmu wanda ya sunkuyar da kai girmama mutum yake yi. A nan, wanda aka tambaya ya kalli ƙasa ya yi shiru, ya amsa laifinsa ke nan. Ita a ganinta kin ce mata e."

Na ajiye kofin. Wato a gaban kowa na amsa abin da ban yi ba, da ladabin da Inna ta koya mini. Sai wani tunanin ya biyo baya, wanda ya fi wannan ciwo. Yaya Bilki ta tashi a Kwanyawa, ta san ba zan iya ɗaga kai ba. Ta yi shekaru a nan, ta san yadda za su ɗauki shiruna. A duk ɗakin nan ita kaɗai ce ta san duka biyun. Shi ya sa ta kama hannuna ta ce kada in ce komai.

"Je ki sami Farfesa," in ji Malam Yusuf. "Kada ki daɗe."

Na daɗe. Kwanaki na yi ina gwadawa a madubin banɗaki, in kalli idona in fara maganar, sai in tuna Inna da Hajiya Tasalla a bakin murhu ɗaya, in kasa ƙarasawa. Na je ƙofar ofishin na juyo, na sake zuwa na juyo. A tsakanin nan na ji an ƙara wa Yaya Bilki wa'adi, har an yanka kek an raba. Sai a makon ƙarshe, akwatina a ɗaure, na ƙwanƙwasa.

Ofishin Farfesa bangon gilashi gare shi, yana kallon teburan ɗalibai. Yaya tana can a nata, ta ba ni baya.

"Zauna, Naja," in ji Farfesa. Muryarta ba faɗa a ciki. "Idan maganar gurbi ce, na riga na ba su amsa. Ban ba da sunanki ba. Ba don sandar ba. Kowa a nan ya taɓa karya wani abu, har ni. Amma kin taɓa abin da aka hana ki, kika bar wata ta faɗa a madadinki, ko haƙuri ba ki bayar ba. Kina da kai. Na so a ce ba haka abin ya ƙare ba."

Gurbin na zo roƙo, ga shi ya tafi. Na ce na gode, don ban san abin da ake cewa ba. Na miƙe har na kama ƙofa. Ta cikin gilashi na ga Yaya Bilki ta juyo tana kallona. Ta ɗan girgiza mini kai, irin girgizar da yaya take yi wa ƙanwa a gaban baƙi.

Na saki ƙofar na juyo. Na ɗaga kaina, wuyana kamar an ɗora masa tulu cike da ruwa, na dubi Farfesa a ido.

"Farfesa, ranar nan kin yi mini tambaya, ban amsa ba. Don Allah ki kira Yaya Bilki ta shigo, ki sake yi mini ita a gabanta."